Idan an kawo kare ko kyanwa rai a hannun Allah, ta ina ake farawa?

Ɗalibin Likitancin Dabbobi: Assalamu alaikum. Manyanmu, ina neman ƙarin haske. Idan aka kawo kare mota ta buge shi, ƙafa ta karye har ƙashi ya leƙo waje, mai shi kuma hankalinsa duk yana kan ƙafar, ta ina ake farawa? An koya mana cewa a bar karayar tukuna, amma ina so in ji dalilin daki-daki, da abin da ake dubawa a mintunan farko.

Likitan Tiyata: Wa alaikumus salam, ƙanena. Karayar ƙafa ba ta kashe kare a ranar. Abin da ke kashe shi ƙirji ne, da jinin da ke zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Don haka ka rufe raunin da tsumma mai tsabta da ka jiƙa da ruwan gishiri na asibiti, ka naɗe, ka juya masa baya na ɗan lokaci.

Kafin ka taɓa shi ka sa takunkumi, domin kare mai jin zafi yana cizon ko mai shi. Amma idan yana haki da ƙyar ko yana amai, kada ka ɗaure masa baki, sai dai a riƙe kan da tawul. Daga nan ka ƙirga numfashi. Lafiyayyen kare a kwance yana yin 15 zuwa 30 a minti. Ka ɗaga leɓe ka duba dasashi: ja-ja mai haske shi ne lafiya, fari yana nuna jini ya zuba ko ya janye daga fata, shuɗi-shuɗi kuwa iska ce ba ta isa. Ka danna dasashin da yatsa ka saki, launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Sai ka laluba bugun jini a cikin cinya. Idan yana gudu kuma ba shi da ƙarfi, jini ba ya kewaya yadda ya kamata, wannan shi ne abin da za ka fara yaƙa. Iskar oksijin, allura a jijiya, ƙarin ruwa, maganin zafi. Hoton ƙashi sai ya biyo baya.

Ma'aikaciyar Jinya: In ƙara a kan maganar Likita game da ƙarin ruwan. A da ana buɗe leda a bar ta ta zuba gaba ɗaya, yanzu an daina. Kashi-kashi ake ba shi: ruwan Ringer mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo a cikin minti 15, a tsaya, a sake duba dasashi da bugun zuciya, sannan a ga ko za a ƙara. Kyanwa kuwa 5 zuwa 10 kawai. Jinin da ke jikin kare kusan mililita 80 zuwa 90 ne a kowane kilo, na kyanwa kusan 60, kuma huhunta na saurin cika da ruwa. Wani abu da ɗalibai ke mantawa: kare idan jininsa ya faɗi zuciyarsa gudu take yi, ita kuwa kyanwa zuciyarta sauka take yi, jiki ya yi sanyi. Kyanwar da ta ji ciwo kuma bugunta bai kai 140 ba, tana cikin hatsari ko da ta yi shiru kamar ba komai. A fara ɗumama ta, domin jijiyoyinta ba sa amsa ruwa sai jiki ya ɗau ɗumi. Idan aka tula mata ruwa tana sanyi, da zarar ta ɗumama sai ruwan ya yi mata yawa.

Ɗalibin Likitancin Dabbobi: Na gode, Anti. To idan an ba da oksijin amma numfashin bai daidaita ba fa?

Likitan Tiyata: Abu uku za ka kawo a ranka. Na farko iska ta tsere daga huhu ta taru a cikin ƙirji tana matse shi. Idan ka sa abin saurare a saman ƙirji ta wajen baya ka ji shiru, kada ka jira hoto. Ka aske, ka wanke, ka soka allura tsakanin haƙarƙari na 7 zuwa na 9, a sama-sama, ta gefen gaba na haƙarƙarin, domin jijiyoyin jini suna bin gefen bayansa. Ka zuƙe iskar da sirinji. Karnuka da yawa a kan teburin hoto suke mutuwa saboda an kwantar da su ta ƙarfi alhali ba sa iya numfashi.

Na biyu huhun ya ƙuje daga ciki, jini ya kwanta a cikinsa. Wannan yana ƙara muni cikin awa 24 zuwa 48, shi ya sa karen da ya shigo da ƙafarsa zai iya rikicewa washegari, kuma shi ya sa ba a gaggawar sa masa maganin barci don gyaran ƙashi. Na uku tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya yage, hanta ko hanji su haura sama. Wannan sai tiyata, amma bayan dabbar ta ɗan dawo hayyacinta.

Kada kuma ka sallame shi sai ka ga ya yi fitsari da idonka. Mafitsara na fashewa, fitsarin ya riƙa taruwa a ciki, alamun ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan ka zuƙo ruwa daga cikin aka auna kiriyatinin ɗinsa, wato dattin da ƙoda ke fitarwa a fitsari, ya ninka na jini sau biyu, fitsari ne.

Tsohon Likita: Duk na yarda da wannan. Amma ban ji an ambaci deksametason, maganin rage kumburi, ba. Shekara da shekaru ana ba dabbar da jininta ya faɗi, ko wadda ta bugu a ka.

Likitan Tiyata: Ranka ya daɗe, a nan kam zan saɓa maka. An bar wannan hanya saboda illarta ta fi amfaninta. Yana haddasa gyambon ciki da zubar jini a hanji, yana ɗaga sukarin jini, wanda ke ƙara lalata ƙwaƙwalwar da ta bugu, yana kuma rage ƙarfin jiki wajen yaƙar ƙwayoyin cuta a rauni. Ga bugun kai, abin da ake yi shi ne a gyara faɗuwar jini da ƙarancin oksijin, a kwantar da dabbar a kan katako a ɗaga gefen kai digiri 15 zuwa 30 ba tare da an lanƙwasa wuya ba, kada a ɗebi jini a jijiyar wuya. Idan alamun kumburin ƙwaƙwalwa sun bayyana, a ba da manitol giram 0.5 zuwa 1 a kowane kilo cikin minti 15 zuwa 20, bayan an tabbatar jiki ba a bushe yake ba.

Tsohon Likita: To, hujjarka ta fi tawa ƙarfi a kan bugun kai. Inda ba zan bari a wuce ba shi ne haɗa deksametason da magungunan zafi irin su meloksikam. Duk wanda ya haɗa biyun nan a jikin kare yana neman huda masa ciki. Shi kansa meloksikam ɗin ba a ba dabbar da jininta ya faɗi ko ruwan jikinta ya ƙare, domin ƙoda ce za ta biya. A ranar farko dangin mofin ake amfani da su, kamar metadon ga kare, bufurenofin ga kyanwa.

Mai Kiwon Karnuka: Likitoci, Allah ya saka da alheri. Mu da ba ma'aikatan asibiti ba, mene ne namu kafin mu iso wurinku? Mutane da yawa suna ɗaura kara su yi ɗori a gida.

Likitan Tiyata: Malam, ɗori yana da ƙa'ida guda: dole ya kama gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita. A karayar da ke ƙasa da gwiwa wannan mai yiwuwa ne. A ƙashin cinya ko na dantse ba zai yiwu ba, domin bandejin a daidai wurin karayar zai ƙare, nauyinsa ya riƙa jan ƙashin yana yanka nama. Irin wannan a sa dabbar a keji ko kwali inda ba za ta motsa ba, a kawo ta haka. Idan ana zargin ƙashin baya, a zura katako a ƙarƙashinta a ɗauke ta a miƙe.

Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta minti biyar ba ɗagawa. Idan ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na farkon.

A asibiti kuma ba kowace karaya ake sa wa filasta ba. Ƙananan karnuka masu siraran ƙafafu idan ƙashin gaba ya karye kusa da wuyan ƙafa, jinin da ke isa wurin kaɗan ne, filasta takan bar ƙashin bai haɗe ba. Faranti da sukurori ake sa musu. Karayar da ta shiga cikin gaɓa ma sai tiyata. Kwikwiyo yakan haɗe a mako 4 zuwa 6, babba 8 zuwa 12. Idan ƙafar ta lalace ƙwarai, yanke ta ba zalunci ba ne. Kare da kyanwa suna tafiya lafiya da ƙafa uku, muddin sauran ukun suna da ƙarfi kuma ba a bar su sun yi ƙiba ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Duk wanda aka sallama da bandeji, a bar yatsu biyu na tsakiya a waje, a duba su safe da yamma. Idan sun kumbura, sun ware da juna, sun yi sanyi, ko bandejin ya jiƙe ko yana wari, a dawo a ranar. Bandeji mai matsewa yana iya kashe ƙafa cikin kwana biyu. A wanke rauni da ruwan gishiri na asibiti mai yawa. Sifirit da haidurojin suna ƙona naman da zai warke. Cizon wani kare kuma kada ƙanƙantar hudar ta ruɗe ku, haƙori yana yaga nama a ƙarƙashin fata fiye da abin da ake gani, shi ya sa ba a ɗinke shi ruf a rufe datti a ciki. Wanda dabbar ta ciza wajen taimako ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ya tafi asibitin mutane, saboda ciwon haukan kare.

Mai Kiwon Karnuka: To ga babbar matsalarmu, ciwon fabo. Kwikwiyo ya kama amai da zawo mai jini mai ƙarni, kwana biyu ya tafi. Wasu sun ce allurar kashe ƙwayoyin cuta ce maganinsa, wasu sun ce ba ya da magani.

Mai Ɗakin Gwaji: Kowane ɓangare ya faɗi rabin gaskiya. Ƙwayar cutar bairos ce, an gane ta a karnuka a 1978, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Tana bin sassan jiki masu saurin sabuntawa, wato bangon hanji da ɓargo. Hanji ya saɓule, ruwa da jini su zube, bakteriyar cikin hanji su samu ƙofar shiga jini, a daidai lokacin da ɓargo ya kasa samar da fararen ƙwayoyin jinin da za su tare su. Saboda waɗannan bakteriyar ake ba da ampisilin, miligiram 22 a kowane kilo duk awa takwas. Jentamaisin yana aiki, amma ba a ba da shi sai ruwan jiki ya dawo, in ba haka ba ya lalata ƙoda. Enrofuloksasin kuma ana kaffa-kaffa da shi a kwikwiyo saboda guringuntsin gaɓoɓi. 'Yan mako 6 zuwa wata 6 sun fi kamuwa, alamun na fitowa kwana 3 zuwa 7 bayan haɗuwa da cutar.

Ma'aikaciyar Jinya: Abin da ke ceton su ruwa ne, kuma lissafi ake yi, ba kintace ba. A ɗauki kwikwiyo mai kilo 5 wanda fatarsa ke tsayawa idan an ja, idanu sun faɗa, a ce ya rasa kashi 8 cikin ɗari na ruwan jikinsa. Giɓin shi ne mililita 400. Buƙatar yini aƙalla 60 a kowane kilo, 300 ke nan, ƙananan ma sun fi haka. Jimla 700 a awa 24, kusan 29 a kowace awa, ban da abin da zai ci gaba da fita ta amai da zawo, wanda shi ma sai an ƙiyasta an mayar. Da igiyar ƙarin ruwa ta yara mai ɗigo 60 a mililita ɗaya, ɗigon minti daidai yake da mililitar awa, wato ɗigo 29 a minti.

Abu biyu ke faɗuwa a ɓoye: sukari da fotasiyam. A sa gulukos a ledar ya kai kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Fotasiyam kuma a zuba a girgiza ledar sosai, kada ya wuce 0.5 mEq a kowane kilo a awa, kuma ledar da aka sa masa ba a buɗe ta da gudu, domin tana tsayar da zuciya. Na amai, marofitan miligiram 1 a kowane kilo sau ɗaya a rana.

Tsohon Likita: Ni dai har yanzu ina ganin a hana shi ci sai amai ya tsaya awa 24. Hanjin da ya saɓule hutu yake so.

Mai Ɗakin Gwaji: Baba Likita, ƙwayoyin bangon hanji daga abincin da ke wucewa ta cikinsa suke samun abin da za su sake ginuwa. Binciken da aka yi a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2003, ya nuna 'yan kwikwiyon da aka fara ciyarwa da wuri ta siririn bututun hanci sun fi saurin murmurewa da ƙara nauyi a kan waɗanda aka hana ci. Ba cika masa ciki ake nufi ba. Kaɗan-kaɗan ne, bayan an ba da maganin amai.

Tsohon Likita: Ta bututu na yarda. Abin da nake tsoro shi ne mai kare ya ji wannan ya je yana ɗura masa da sirinji ta ƙarfi, ya shaƙe, abincin ya faɗa huhu. Wannan ya kashe da yawa.

Mai Ɗakin Gwaji: Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa masu su ƙarara.

Mai Kiwon Karnuka: Wanda ba shi da halin a kwantar masa da kare kwana biyar fa? Ruwan da ake yi a ƙarƙashin fata yana aiki?

Likitan Tiyata: Yana aiki, da sharaɗi. A binciken Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka na 2017, kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya ta ƙarƙashin fata sun rayu, na kwance a asibiti kashi 90. Amma dukkansu sai da aka fara farfaɗo da su ta jijiya, kuma ana auna musu sukari da fotasiyam kullum. Kwikwiyon da jikinsa ya yi sanyi, jini ya janye daga fata, ruwan da ka zuba masa a can zama zai yi. Kuma ruwa mai gulukos ba a yin sa a ƙarƙashin fata, yana ruɓar da wurin. A riƙa laluba cikin kullum, domin hanji na iya zurmawa cikin ɗan'uwansa, ka ji wani abu mai tauri dogo. Idan amai ya dawo bayan an fara samun sauƙi, wannan za a fara zargi, kuma tiyata ce.

Wurin da ya kwanta a kwashe ƙazantar tukuna, sannan bilic kashi 1 a ruwa kashi 30, a bar shi minti 10. Ƙwayar na daɗewa watanni a ƙasa. Rigakafi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Allura ɗaya ba ta isa, saboda kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko.

Mai Kula da Maguna: Sannunku da ƙoƙari. Kada a manta da muzuru. Mutane na ganin yana ta zuwa wurin bayan gida yana yunƙuri yana kuka, su ce ciki ne ya ɗaure, su jira kwana biyu. Sau da yawa fitsari ne ya toshe. Hanyar fitsarin namiji siririya ce a ƙarshenta, majina da tsakuwa ƙanana ko kumburi suna rufe ta. Idan aka taɓa ƙasan ciki za a ji mafitsara ta yi tauri tamau. Don Allah kada a matsa, tana fashewa.

Likitan Tiyata: Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci. Abin da ke kashe shi fotasiyam ne da ya kasa fita, ya taru a jini ya rage bugun zuciya har ta tsaya. A nan ma ƙa'idar farko ce: zuciya kafin bututun fitsari. Idan bugun ya sauka, jiki ya yi sanyi, a sa ruwa a jijiya, a ba da kalsiyam gulukonet mai kashi 10, mililita 0.5 zuwa 1 a kowane kilo, a hankali cikin minti 10 zuwa 15 ana sauraron zuciya. Kalsiyam ba ya rage fotasiyam, kare zuciya kawai yake yi na kusan rabin awa. Mai tura fotasiyam ɗin cikin ƙwayoyin jiki gulukos ne, wani lokaci tare da insulin, kuma idan an ba da insulin dole a bi sukari awa-awa.

Sannan a sa maganin barci, a jawo al'aurar baya a miƙe ta, domin hanyar tana da lanƙwasa, wanda bai miƙe ta ba zai huda ta. Bututu mai lamba 3.5, ana tura ruwan gishiri a hankali yana kora abin da ya toshe, ba a tura shi da ƙarfi. A wanke mafitsara har ruwan ya yi haske, a bar bututu mai laushi awa 24 zuwa 48 haɗe da leda a rufe. Bayan an buɗe, wasu ƙodarsu na sakin fitsari fiye da kima, nesa da mililita 1 zuwa 2 a kowane kilo a awa da aka saba, don haka a auna abin da ya fita a mayar da shi, in ba haka ba ya bushe a hannunka.

Ɗalibin Likitancin Dabbobi: Likita, zuƙe fitsarin da allura ta fatar ciki kafin a sa bututu fa? Na ji ana jayayya a kai.

Likitan Tiyata: Jayayyar tana nan. Masu yi suna cewa yana rage matsi, ya sauƙaƙa shigar bututu, ya ba ƙoda sarari. Masu ƙi suna tsoron bangon da ya riga ya raunana ya yage. Ra'ayina, idan bututu ya ƙi shiga ko dabbar ba za ta ɗauki maganin barci ba tukuna, a yi da siririyar allura, huda ɗaya, a zuƙe duka. Idan bututu zai shiga nan take, babu buƙata. Wanda toshewar ke dawo masa a kai a kai ana yi masa tiyatar faɗaɗa mafita. A gida kuma abinci mai ruwa-ruwa da yawan shan ruwa ne ke rage dawowarta.

Mai Kula da Maguna: Sai maganar farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Hantarta ba ta da isasshen abin da ke sarrafa shi, sai ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Makarinsa asetilsistin, miligiram 140 a kowane kilo da farko, sannan 70 duk awa shida, kuma gwargwadon saurin kawowa gwargwadon tsira. Maganin kaska na karnuka mai fametirin shi ma guba ne gare ta, rawar jiki da farfaɗiya yake sa ta. A wanke ta da sabulun wanke kwano da ruwa mai ɗumi a kawo ta. Idan kuma aka ga zare a ƙarƙashin harshenta ko yana leƙowa ta dubura, kada a ja, yana yanka hanji. Kyanwa mai ƙiba da ta yi kwana uku ba ta ci ba, kitse na taruwa a hantarta, sai an sa bututun abinci.

Mai Ɗakin Gwaji: Maganin ɓera mai hana jini daskarewa ya fi kowanne ruɗi, domin kare zai ci ya yini garau. Sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da abubuwan daskarar da jini da hanta ta tanada suka ƙare, zai fara zubar da jini, galibi a cikin ƙirji. Idan an gani cikin awa biyu a sa shi amai a asibiti, a bi da gawayin asibiti giram 1 zuwa 2 a kowane kilo. Kada a ɗura gishiri a gida, shi ma guba ne. Abin da ya sha idan kalanzir ne, fetur, ko abu mai ƙuna, ba a sa amai sam. Makarin maganin ɓeran bitamin K1 ne, miligiram 2.5 zuwa 5 a kowane kilo a rana, ta baki da abinci mai ɗan maiƙo, mako 3 zuwa 4. Bitamin K3 da ake samu a sauƙaƙe ba ya aiki. A sake gwajin daskarewar jini kwana biyu zuwa uku bayan an daina. Wanda ya riga ya fara zubar jini bitamin ba zai cim masa ba, yana ɗaukar awanni kafin ya fara aiki, sai ƙarin jini ko ruwan jini. A zo da kwalin gubar, domin ba duka iri ɗaya ba ne.

Tunda an zo kan ƙarin jini: mililita 2 na cikakken jini a kowane kilo na ɗaga ma'aunin jajayen ƙwayoyi da kusan maki 1. Kare yakan jure ƙarin farko ko ba a gwada ba, amma bayan kwana huɗu dole a gwada dacewa kafin na biyu. Kyanwa ba ta da wannan rangwame. Rukunin jininta A, B da AB ne, kuma mai B idan aka sa mata A tana iya mutuwa nan take.

Ɗalibin Likitancin Dabbobi: Saura ɗaya, ranku ya daɗe. Babban kare da cikinsa ya kumbura bayan cin abinci, yana ta kakarin amai ba abin da ke fita.

Tsohon Likita: Murɗewar tumbi ke nan, ɗana, kuma awanni ake ƙirgawa. Ta fi samun manya masu zurfin ƙirji irin su Great Dane da karen Jamus. Tumbin ya cika da iska ya juya, mashiga da mafita su rufe, ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya daga bayan jiki. Saboda haka a ƙafafun gaba ake sa allurar ruwa, manya guda biyu, domin abin da ka zuba ta ƙafar baya ba zai isa zuciya ba. Ruwa tukuna, sannan a sace iskar, ko da bututu ta baki wanda aka auna daga hanci zuwa haƙarƙarin ƙarshe, ko da babbar allura a inda cikin ya fi amsawa kamar ganga idan an ƙwanƙwasa. Bututu idan ya tsaya kada a tilasta, maƙogwaro na yagewa. Hoto a kwantar da shi ta gefen dama, a nan ake ganin tumbin ya rabu gida biyu.

Shigar bututu ba ta nufin an gama. Dole a buɗe, a mayar da tumbin mazauninsa, a duba bangonsa da saifa. Inda ya yi baƙi ko ya yi siriri ya mutu, a yanke. Sannan a ɗinke tumbin a bangon ciki na dama, in ba haka ba yawanci yana sake juyawa.

Likitan Tiyata: Bayan tiyatar ma a sa ido kwana biyu. Bugun zuciya yakan rikice tsakanin awa 12 zuwa 36. Ba kowane rikici ake yi wa magani ba: a fara gyara fotasiyam, oksijin da zafi. Idan bugun ya zarce 180 ya ƙi sauka, ko bugun cinya ya raunana, a ba da lidokain miligiram 2 a kowane kilo ta jijiya a hankali, sannan a ci gaba da shi a cikin ruwa. Wannan adadin na kare ne, kyanwa ba ta jure lidokain haka. Ruwan sha kaɗan bayan awa 12, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan daga awa 12 zuwa 24 idan babu amai, daga baya a raba masa abincin yini gida biyu ko uku.